Ɗan Laikin Mai Suna Psora decipiens: Siffarsa da Hanyar Gane Shi

A ƙasashe masu ƙarancin ruwa, inda ciyawa ba ta rufe ƙasa duka ba, a kan sami waɗansu 'yan halittu ƙanana manne da fuskar ƙasa, waɗanda matafiyi ya kan taka ya wuce bai ko san da su ba. Daga cikinsu akwai wani da masana ilmin tsire-tsire su ke kira Psora decipiens. Girman kowane ɓallinsa bai fi ƙwayar dawa da yawa ba, amma an same shi a Turai da Asiya da Afirka da Amurka ta Arewa da Ostareliya, tun daga hamada mai zafi har bisa duwatsu masu ƙanƙara. Abin nufi a wannan takarda shi ne a bayyana siffarsa, da hanyar da a ke bi a tabbatar shi ne ba waninsa ba, domin malamin da ke koyar da ilmin halitta ya ga yadda a ke wannan aiki tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya iya gane wannan guda ɗaya ya sami hanyar gane 'yan'uwansa.

Abin da a ke nufi da laikin

Kowa ya san funfuna, wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ya kuma san gansakuka, wadda ke rufe bakin rijiya da jikin randa. Laikin haɗuwar dangin waɗannan biyu ne cikin jiki guda. Funfunar ita ke gina jikin da zaruruwanta masu siriri, ita ke riƙe ƙasa ko dutse, ita ke tsotso ruwa, ta kuma kare abokiyar zamanta daga zafin rana. Gansakukar kuwa 'yan ƙwayoyi ce kore, a jere cikin jikin, su ne ke sarrafa hasken rana da iska da ruwa su yi abinci mai zaƙi, wanda funfunar ke ci. Idan aka raba su, ba wadda za ta yi siffar laikin ita kaɗai.

Mutanen da ba su san haka ba. Linnaeus na ƙasar Suwidin, wanda ya kafa al'adar ba kowace halitta suna mai kalma biyu cikin 1753, ya ɗauka laikin tsiro ne guda kamar sauran. Sai cikin 1867 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya ce halitta biyu ce. A ganinsa funfunar uwargijiya ce, gansakukar kuwa baiwa, watau zama irin na kauci da itacen da ya hau. Manyan masanan zamanin suka yi ta musu da shi shekara da shekaru, har madubin likita ya raba gardama. Daga baya aka ga cewa gansakukar ma tana samun wurin zama a inda ita kaɗai ba ta iya rayuwa, saboda haka zaman ya fi kusa da cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Irin laikin da aka sani yau sun yi wajen 20,000. Bisa ƙa'idar masana, sunan da a ke ba laikin sunan funfunar ne; gansakukar da ke cikinsa tana da nata daban.

Asalin sunan

Wanda ya fara bayyana wannan ɗan laikin a rubuce shi ne Johann Hedwig, malami a Laifzig ta ƙasar Jamus, cikin 1789. Ya kira shi Lichen decipiens, gama a lokacin yawancin laikin a ƙarƙashin suna guda su ke. Bayan shekara biyar, cikin 1794, Georg Franz Hoffmann ya fitar da shi daga wannan babban taro ya sa shi cikin zuriyar da a ke kira Psora. Don haka ne a littattafan masana a ke rubuta gajeren sunan Hedwig cikin baka, sa'an nan na Hoffmann a waje: na farko ya ba da suna, na biyu ya sāke masa gida.

Kalmar psora daga harshen Girka ta ke, ma'anarta ƙazwa, saboda yadda laikin ya ke yi wa ƙasa tabo-tabo kamar ɓawon ƙurji. Decipiens kuwa Latin ce, watau mai ruɗi. Sunan ya dace da shi ƙwarai, kamar yadda za a gani a gaba.

Siffarsa

Masana sun kasa laikin bisa ga siffa. Akwai mai manne wa dutse kamar fenti, akwai mai kama da ganye, akwai mai rassa kamar ɗan itace. Psora decipiens yana tsakanin na fari da na biyu. Jikinsa 'yan faya-fayai ne zagayayyu, kowanne a kwance bisa ƙasa, wani lokaci a warwatse, wani lokaci a matse har gefe ya taɓa gefe. Faɗin faifai guda ya kan kama daga milimita 1 zuwa 6.

Launinsu shi ne abin da ke fara jan ido. Ya kan zama ja-ja kamar jan bulo, ko ruwan hoda, ko ja mai sirkin ƙasa-ƙasa. Gefen faifan fari ne, sau da yawa kuma a ɗan ɗage ya ke sama, da 'yan tsage-tsage. A wurare masu tsananin rana a kan ga fuskar faifan kamar an barbaɗa mata gari, har farin ya kusa ɓoye jan. Wannan gari 'yan duwatsun wani gishiri ne da laikin ke fitarwa, wanda a ke kira kalsiyam okzalet. Idan aka birkice faifan, ƙarƙashinsa fari-fari ne, da zaruruwa masu laushi kamar auduga sun nutse cikin ƙasa. Waɗannan ba saiwa ba ce irin ta gero ko wake, zaruruwan funfunar ne kawai.

Idan aka yanka faifan da reza aka dubi bakin yankan da gilashi, za a ga hawa uku. Na sama fata ce mai tauri, a nan launin ja ya ke. Na tsakiya siririn layi ne kore shar, watau mazaunin gansakukar. Na ƙasa fari ne mai laushi, shi a ke kira ɓargon laikin.

'Ya'yansa, watau wurin da funfunar ke yin ƙwayoyin irinta, baƙaƙe ne, a kumbure kamar rabin ƙwayar gero, faɗinsu bai wuce milimita 2 ba. Muhimmin abu game da su shi ne mazauninsu: a gefen faifan su ke fitowa, ba a tsakiya ba, ba su kuma da leɓe kewaye da su. Faifai ja mai farin gefe, da baƙin ɗigo a kumbure a bakinsa, wannan ita ce kamar da a ke nema.

Inda ya ke zama

Bisa ƙasa ya ke zama, ba ya hawa itace. Ya fi son ƙasar da ke da sirkin farar ƙasa ko jifsam, a fili inda rana ke bugawa, inda ruwa ba ya kwanciya, inda kuma ciyawa ba ta yi kauri ba. A Turai an same shi a hamadar Tabernas ta kudancin Sifen, da tsibirin Oland na Suwidin, da tuddan farar ƙasa na Jamus, da wurin da a ke kira Hochtor cikin duwatsun Ostiriya, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 2,500 daga fuskar teku. A Amurka yana da yawa a busassun ƙasashen yamma, kamar jihar Yuta. Jamusawa suna kiran taron da ya ke zama a ciki da sunan da ke nufin laikin ƙasa masu launi-launi, domin a kan same shi tare da wani rawaya, da wani fari-fari, da wani mai launin toka a kumbure.

Abin da ya ba shi ikon zama a irin waɗannan wurare shi ne jimirin ƙishirwa. Idan ruwa ya ƙare ya kan bushe ƙayau, aikin jikinsa ya tsaya cik, ya zauna haka wata da watanni bai mutu ba. Da raɓa ta sauka ko yayyafi, sai ya farfaɗo cikin ɗan lokaci kaɗan, ya yi abinci da sanyin safiya kafin rana ta sāke busar da shi. Saboda 'yan sa'o'in aikinsa kaɗan ne a shekara, girmansa a hankali ya ke ƙwarai.

Matakan ganewa

Ba a tabbatar da sunan laikin da kallo ɗaya. Mataki huɗu a ke bi, kowanne yana rage shakkar da na bayansa ya bari.

Na fari shi ne duba a wurin. Mai bincike ya durƙusa da gilashin ƙara girma mai riɓi goma, ya dubi launi da gefe da mazaunin 'ya'ya. Ya kamata ya duba shi a bushe, sa'an nan ya ɗiga masa ruwa ya sāke dubawa, gama launi ya kan sauya idan ya jiƙa, kuma bayanin da ke cikin littattafai na busasshe ne. Ya kuma gwada ƙasar wurin: idan aka ɗiga mata ruwan asid marar ƙarfi ta yi kumfa, akwai farar ƙasa cikinta.

Na biyu shi ne gwaji da magani. William Nylander, ɗan ƙasar Finlan, shi ya shigo da wannan dabara cikin 1866, bayan ya lura cewa laikin biyu masu kama da juna su kan ba da launi daban idan aka ɗiga musu magani guda. Magungunan da aka fi aiki da su uku ne, a kan kira su da haruffa. K ruwan fotash ne mai kaifi, kashi 10 cikin 100. C ruwan bilic ne na wanki. P kuwa wani magani ne da Yasuhiko Asahina na Japan ya ƙara cikin 1934. A kan kankare fatar faifan da reza har farin ɓargon ya bayyana, a ɗiga magani da tsinke, a duba. A wurin Psora decipiens amsar iri biyu ce. A waɗansu, ɓargon ba ya sauya launi ko kaɗan. A waɗansu kuwa K ya kan mai da shi rawaya, sa'an nan ya rikiɗe ja, alamar akwai wani sinadari da a ke kira asid na nostik. Saboda haka wannan gwaji shi kaɗai ba ya yanke hukunci, amma wajibi ne a rubuta abin da ya nuna. Malami ya lura, K yana ƙona fata da ido, P kuwa guba ne, bai kamata a bar su a hannun ɗalibai ba tare da mai kula ba. C kuma ƙarfinsa ya kan tafi idan ya daɗe, sai a riƙa sabuntawa.

Na uku shi ne madubin likita. A yanki ɗaya daga cikin 'ya'yan siriri yadda haske zai ratsa, a sa cikin ɗigon ruwa bisa gilashi. Za a ga 'yan jakunkuna a jere tsaye, kowace da ƙwayar iri takwas. Ƙwayoyin ba su da launi, siffarsu kamar ƙwai, ba a kuma raba cikinsu da bango ba. Tsawonsu maikiromita 11 zuwa 18, faɗinsu 6 zuwa 8. Maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Idan aka zuba K a gefen gilashin ya ratsa, saman yankan ya kan koma ja mai sirkin shunayya. Wannan alama ce babba ta zuriyar Psora, ita ke raba ta da waɗansu masu baƙaƙen 'ya'ya irin nata.

Na huɗu aikin ɗakin bincike ne. A kan jiƙa ɗan guntu cikin asiton, a ɗiga ruwan bisa wani faranti na musamman, sinadaran da ke ciki su hau su rabu, kowanne ya tsaya a matsayinsa. Chicita Culberson ta Amurka ce ta daidaita wannan hanya domin laikin a farkon shekarun 1970. A zamanin yanzu kuma a kan karanta ƙwayoyin gado na funfunar, a gwada da na waɗanda aka riga aka sani.

Masu kama da shi

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Laikin uku ne suka fi ruɗin mai koyo.

Na ɗaya ɗan'uwansa ne, Psora crenata, wanda a ke samu a kudancin Afirka da Ostareliya da kudu maso yammacin Amurka. Launinsu ya yi kusa, amma faya-fayan crenata sun fi girma, suna da loɓawa a tsakiya kamar cibiya, gefensu kuma ƙasa ya ke lanƙwasa.

Na biyu shi ne Placidium squamulosum, wanda sau da yawa a wuri guda su ke zama. Faya-fayansa ƙasa-ƙasa ne, ba ja, ba farin gefe. 'Ya'yansa a binne su ke cikin jiki kamar tulu, bakinsu kaɗai a ke gani, 'yan ɗigo-ɗigo baƙi a tsakiyar faifan.

Na uku su ne 'yan zuriyar Peltula, waɗanda su ke da yawa a busassun ƙasashen Afirka, bisa dutse da bisa ƙasa. Launinsu tsakanin kore da ƙasa-ƙasa ya ke. Idan aka yanka, layin tsakiya kore ne mai duhu da sirkin shuɗi, domin abokiyar zamansu shuɗiyar gansakuka ce, wadda a hakika dangin bakteriya ce. Jakar irinsu kuma ba takwas ta ke ɗauka ba, ƙwayoyi ne masu yawan gaske.

Suna ɗaya, zuriya da yawa

Einar Timdal na Jami'ar Oslo ya yi bitar zuriyar Psora cikin 1984, da ta Amurka ta Arewa cikin 1986, ya tsai da iyakar kowane iri bisa siffa da sinadarai. Amma bambancin amsar K da aka ambata ya nuna akwai sauran magana. Cikin 2018 Steven Leavitt da abokan aikinsa, har da Timdal, suka buga sakamakon karanta ƙwayoyin gadon samfurori daga nahiyoyi daban-daban. Suka tarar abin da a ke kira Psora decipiens ya ƙunshi zuriyoyi da dama da suka daɗe da rabuwa. Waɗansunsu sun bazu a nahiya fiye da ɗaya, na Ostareliya kuwa sun ware daban. Ashe mai ruɗin ya ruɗi masana fiye da shekara 200.

Wannan ba maganar suna ce kaɗai ba. Idan aka ɗauka iri guda ne mai cika duniya, ba wanda zai damu idan ya ƙare a wani tudu, sai a ce akwai shi a wani wuri. Idan kuwa na tudun nan zuriya ce daban, ƙarewarsa hasara ce da ba ta da mayarwa. Haka kuma masu ƙoƙarin farfaɗo da ƙasar da ta lalace ta hanyar dasa laikin, sai sun san wanda su ke ɗauka da wanda ya dace da wurin.

Wanda ya ga ya sami sabon iri, akwai ƙa'ida a kansa. Sai ya ajiye samfur guda a ma'ajiyar tsire-tsire ta jami'a ko gidan tarihi, wanda sunan zai rataya a kansa har abada, ya kuma buga bayanin da ya raba shi da sauran. Daga 1935 zuwa 2011 wajibi ne bayanin ya zama da Latin. Daga farkon 2012 an yarda da Latin ko Turanci, daga 2013 kuma sai an yi wa sunan rajista.

Amfaninsa ga ƙasa

Psora decipiens ɗaya ne daga cikin halittun da ke haɗuwa su yi wa busasshiyar ƙasa wata fata mai rai, wadda kaurinta bai wuce 'yan milimita ba. Wani ƙiyasi da aka buga cikin 2018 ya ce irin wannan fata ta rufe wajen kashi 12 cikin 100 na sandararriyar ƙasar duniya. Zaruruwan da ke cikinta su ke ɗaure ƙwayoyin yashi da juna, iska ba ta kwashe su, ruwan sama kuma ba ya wanke su da sauƙi. Idan kofato ko tayar mota ta farfasa ta da rani, sai ƙasar ta zama abincin iska. Gansakukar ta kan dawo cikin 'yan shekaru, amma laikin ya kan ɗauki shekaru gommai kafin ya koma yadda ya ke.

A ƙasashen Sahel ma akwai wannan fata. Oumarou Malam Issa da abokan aikinsa sun bayyana ta cikin 1999 daga yammacin Nijar, suka nuna cewa mafi yawanta zaruruwan shuɗiyar gansakuka ne. Saboda haka malamin da ya fita da ɗalibansa bayan damina ya ga baƙar fata bisa saura ko gefen fako, kada ya yi gaggawar kiranta laikin. Ya sa gilashi tukuna. Idan shimfiɗa ce kawai marar siffa, gansakuka ce. Idan ya ga faya-fayai masu gefe, sai ya bi matakan nan huɗu da aka jera.

Ɗaukar samfur da ajiye shi

Laikin ƙasa ya fi na dutse wuyar ajiya, gama ƙasar da ya ke kai ta kan marmashe. A ɗan jiƙa wurin, a sa wuƙa a yanko shi tare da ƙasarsa, kaurin yatsa guda. A naɗe da takarda mai laushi, a sa cikin kwalin ashana ko wani ɗan akwati, a bar shi ya bushe a inuwa. Kada a sa shi cikin leda yana da danshi, funfunar waje za ta cinye shi. Idan ya bushe, a shafa wa ƙasar ta ƙarƙashi gam da aka tsinka da ruwa don ta riƙe, amma kada gam ya taɓa laikin, domin zai ɓata gwajin magani. Kada kuma a kwashe duk abin da aka tarar. Kaɗan ya isa.

A kan takardar samfurin a rubuta sunan wuri da nisansa daga gari mafi kusa, da kwanan wata, da irin ƙasar, da tsire-tsiren da ke kewaye, da sunan wanda ya ɗauko, da amsar kowane magani. Idan mutanen wurin suna da sunan da su ke kiran abin, a rubuta shi yadda suka faɗa, da sunan garinsu, gama wannan zai amfani masu nazarin harshe kamar yadda sauran zai amfani masu nazarin tsire-tsire. Samfurin da ba shi da wannan takarda ba ya zama hujja ga kowa. Wanda ke da ita kuwa ya kan yi shekara ɗari a ma'ajiya, wani masani ya zo ya buɗe shi ya sāke gwadawa da dabarun zamaninsa.